Hannayen da Ke Sauya Mambobin Majalisar Dattawa Bayan Zaɓe: Nazari a Kan Majalisar Dattawan Nijeriya ta Takwas, 2015–2019

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda jerin mambobin Majalisar Dattawan Nijeriya ta takwas ya riƙa sauyawa tun daga ranar 9 ga Yuni, 2015, da aka ƙaddamar da ita, har zuwa watan Yunin 2019 da wa'adinta ya cika. An bi diddigin hanyoyin da kujerar sanata ke sauya hannu, ko ta sauya jam'iyya, ko ta zauna babu kowa a kanta: hukuncin kotu, rasuwa, sauya sheƙa, dakatarwa da ɗauri, sai kiranye. Nazarin ya gano cewa dukkan hanyoyin sun yi aiki a zahiri, ban da kiranye, wanda kuma shi kaɗai ne Kundin Tsarin Mulki ya danƙa a hannun mai jefa ƙuri'a.

1.0 Gabatarwa

Sashe na 48 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowace jiha sanatoci uku, Babban Birnin Tarayya kuma sanata ɗaya, jimla 109. Wannan rabo bai duba yawan jama'a ba. Jihar Kano mai ƙananan hukumomi 44, wadda ƙidayar 2006 ta ba mutum kusan miliyan 9.4, sanatocinta uku ne, daidai da Bayelsa mai ƙananan hukumomi 8 da mutum kimanin miliyan 1.7. Hujjar da ake kare wannan tsari da ita ita ce Majalisar Wakilai ta riga ta ɗauki nauyin yawan jama'a, ita kuwa Majalisar Dattawa an kafa ta ne domin kowace jiha, babba ko ƙarama, ta samu murya daidai wa daida a tarayya.

Idan aka karɓi wannan hujja, to duk ranar da kujerar wata jiha ta zauna babu mai ita, ko ta koma hannun jam'iyyar da jama'a ba su zaɓa ba, an taɓa ginshiƙin da majalisar ta tsayu a kansa. Manufar wannan maƙala ita ce ta gano su wane ne ke da ikon sauya mambobin majalisar bayan an rufe akwatin zaɓe, da kuma rabon da mai ƙuri'a ke da shi a cikin wannan iko. An zaɓi majalisa ta takwas ne saboda ita ce ta farko tun 1999 da jam'iyyar PDP ta shiga a matsayin maras rinjaye, kuma kusan babu wata hanyar sauyin mamba da ba a gwada a cikinta ba.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Muhawara a kan wanda ya mallaki kujerar ɗan majalisa daɗaɗɗiya ce. A jawabinsa ga masu zaɓen Bristol a 1774, Edmund Burke ya tafi a kan cewa wakili amintacce ne da ke aiki da hankalinsa, ba ɗan aike ba ne da ke jiran umarni daga mazaɓa. Hanna Pitkin, a littafinta na 1967 a kan ma'anar wakilci, ta bambanta wakilcin kamanni, wato majalisa ta yi kama da al'ummar da ta fito daga cikinta, da wakilcin aiki, wato wakili ya yi wa jama'a abin da ke maslaharsu. Richard Joseph kuwa, a nazarinsa na 1987 a kan Jamhuriya ta Biyu, ya nuna yadda muƙamin hukuma a Nijeriya ke zama ganima da mai riƙe da shi ke ci tare da magoya bayansa.

Kotunan Nijeriya sun kawo nasu ra'ayin. A shari'ar Amaechi da hukumar zaɓe ta INEC a 2007, Kotun Ƙoli ta ce jam'iyya ce ke cin zaɓe, tunda ita ke neman ƙuri'a kuma alamarta ake dangwala wa. A shari'ar Abegunde ta 2015, kotun ta yanke cewa ɗan majalisar da ya bar jam'iyyarsa ba zai fake da rikicin reshen jiha ba. Sai rabuwar ta kai ga shugabancin jam'iyya na ƙasa har ta hana ta aiki.

Waɗannan ra'ayoyi sun fi mayar da hankali a kan ranar zaɓe da kuma halayen wakili bayan ya zauna. Abin da ba a cika dubawa ba shi ne tarihin ita kanta kujerar a tsawon shekara huɗu, kuma nan ne wannan maƙala ta sa ido.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

An ɗauki kujera, ba sanata ba, a matsayin abin nazari. An dogara da tanade-tanaden Kundin Tsarin Mulki, hukunce-hukuncen kotuna, sakamakon da INEC ta bayyana, da abubuwan da suka gudana a zauren majalisa a bainar jama'a. An zaɓi misalan da suka fi bayyana kowace hanya, ba a ƙididdige dukkan kujeru 109 ba. An yi amfani da kalmomin fannu guda biyu. "Giɓin wakilci" na nufin tsawon lokacin da mazaɓa ta yi ba ta da mai magana a zaure, ko da sunan wani na cikin rajista. "Karkatar wakilci" kuwa na nufin halin da kujera ta koma wata jam'iyya ba tare da an sake tambayar masu zaɓe ba.

4.0 Siffar Majalisar a Ranar Ƙaddamarwa

Zaɓen 28 ga Maris, 2015, ya ba APC kujeru 60, PDP 49. Tun kafin a rantsar da kowa lissafin ya motsa, domin Sanata Ahmed Zanna na Borno ta Tsakiya ya rasu a watan Mayu, sai daga baya Baba Kaka Bashir Garbai ya cike gurbinsa.

Ta fuskar wakilcin kamanni, abu biyu ne suka fi fitowa fili. Na farko, tsofaffin gwamnoni fiye da goma sha biyar ne suka shiga zauren, cikinsu har da Bukola Saraki, Rabi'u Musa Kwankwaso, Kabiru Gaya, Aliyu Wamakko, Ahmad Sani Yariman Bakura, Danjuma Goje, Adamu Aliero, Bukar Abba Ibrahim, Abdullahi Adamu, George Akume, Jonah Jang, Joshua Dariye da Godswill Akpabio. Waɗannan mutane ne da kowannensu ke da nasa gidan siyasa, kuma jam'iyya ta fi bukatarsu fiye da yadda suke bukatarta, abin da zai yi tasiri idan aka zo batun sauya sheƙa. Na biyu, mata takwas kacal aka rantsar. Daga jihohin Arewa 19 masu kujeru 57, mace ɗaya ce tak, Binta Masi Garba ta Adamawa ta Arewa, wadda ta kayar da tsohon gwamna Boni Haruna.

Ranar farko ta nuna cewa rinjayen takarda daban yake da rinjayen zaure. Da safiyar 9 ga Yuni, yayin da akasarin sanatocin APC ke Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa a Abuja suna jiran ganawa da Shugaba Muhammadu Buhari, sanatoci 57 da ke zaure suka zaɓi Saraki shugaban majalisa ba hamayya, alhali Ahmad Lawan uwar jam'iyya ke so. Daga nan Ike Ekweremadu na PDP ya ci kujerar mataimaki da ƙuri'a 54, Ali Ndume na APC ya samu 20. Kundin Tsarin Mulki ya ce kashi ɗaya cikin uku na mambobi ya isa a yi zama, don haka adadin ya cika. Sai dai ɓarakar da aka soma a ranar ita ce ta bi majalisar har ƙarshen wa'adinta.

5.0 Hanyoyin Sauyin Mambobi

5.1 Hukuncin kotu

Kotu ce ta fi kowa taɓa jerin sunayen. Sashe na 285 ya ba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe kwana 180, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60, kuma a Kotun Ɗaukaka Ƙara ake tiƙewa a shari'ar zaɓen 'yan majalisar tarayya. Shi ya sa hukunce-hukuncen suka zubo a ƙarshen 2015. An soke zaɓen David Mark a Binuwai ta Kudu, ya sake ci a watan Fabrairun 2016. A Delta ta Tsakiya kotu ta karɓe kujera daga Ighoyota Amori na PDP ta ba Ovie Omo-Agege na jam'iyyar Labour. Shari'o'in da suka taso daga zaɓen fid da gwani kuwa ba su da wa'adi a lokacin, kuma suna kaiwa har Kotun Ƙoli; shi ya sa sai a watan Yunin 2017, bayan an cinye rabin wa'adi, aka sauke Sani Abubakar Danladi daga kujerar Taraba ta Arewa aka ba Shuaibu Isa Lau.

Misalai biyu sun cancanci a tsaya a kansu. A watan Disambar 2015 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen dukkan sanatocin Jihar Ribas uku. An shirya sabon zaɓe ranar 19 ga Maris, 2016, tashin hankali ya hana a kammala shi, kuma ba a ƙarasa ba sai ranar 10 ga Disamba, bayan ita kanta majalisar ta yi barazanar dakatar da zamanta idan INEC ta ƙara jinkiri. Wato jihar da ke cikin manyan masu samar da man fetur ta yi kusan shekara guda ba ta da ko mutum ɗaya a zauren, kuma a cikin wannan lokaci aka yi muhawara a kan kasafin kuɗin 2016 aka zartar da shi. Bayan haka ma kujerar Ribas ta Gabas ta sake sauya hannu a 2017, daga George Sekibo na PDP zuwa Andrew Uchendu na APC.

Na Anambra ta Tsakiya ya fi wannan tsawo. An soke zaɓen Uche Ekwunife ta PDP a Disambar 2015 saboda aibi a zaɓen fid da gwani, aka ba da umarnin sake zaɓe cikin kwana 90, sai taƙaddama a kan ko PDP za ta iya tsayar da ɗan takara ta riƙe al'amarin a kotuna. Ranar 13 ga Janairu, 2018, aka yi zaɓen, Victor Umeh na APGA ya ci. Giɓin wakilci a nan ya haura shekara biyu, fiye da rabin wa'adin majalisar. Kotu ta yi daidai da ta soke zaɓen da ta samu da aibi. Aibin tsarin shi ne jama'ar mazaɓar, waɗanda ba su ne suka karya dokar fid da gwani ba, su suka ɗauki hukuncin.

5.2 Rasuwa

Sanatoci uku suka rasu a kan kujera. Isiaka Adeleke na Osun ta Yamma ya rasu ranar 23 ga Afrilu, 2017, ƙanensa Ademola Adeleke ya ci zaɓen cike gurbi ranar 8 ga Yuli, amma a ƙarƙashin PDP. Ali Wakili na Bauci ta Kudu ya rasu a watan Maris na 2018, Mustapha Bukar na Katsina ta Arewa kuma a watan Afrilu. Ranar 11 ga Agusta aka zaɓi Lawal Yahaya Gumau da Ahmad Babba Kaita a madadinsu. Sashe na 76 ya tanadi kwana 30 domin cike gurbi, amma da yake INEC na jiran sanarwar majalisa kafin ta motsa, giɓin na iya kaiwa wata huɗu ko biyar. Duk da haka wannan ce hanya ɗaya da a kowane karo aka koma wurin masu ƙuri'a, kuma sauyin jam'iyyar da aka samu a Osun ta Yamma su suka yi shi da hannunsu.

5.3 Sauya sheƙa

Sashe na 68(1)(g) ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi kafin cikar wa'adi ya rasa kujerarsa, sai fa idan rabuwar kai a jam'iyyar ko haɗewarta da wata ne ya jawo. Wannan togaciya ita ce ƙofar da kowa ya bi.

Guguwar farko ta kaɗa daga PDP zuwa APC. Rikicin shugabanci tsakanin Ali Modu Sheriff da Ahmed Maƙarfi, wanda Kotun Ƙoli ta warware ranar 12 ga Yuli, 2017, rabuwa ce ta matakin ƙasa, don haka waɗanda suka fice a lokacin, irin su Joshua Dariye, Yele Omogunwa, Nelson Effiong da Andy Uba, suna da abin kamawa a ma'aunin shari'ar Abegunde. Guguwa ta biyu ta juyo ta ɗaya ɓangaren. A farkon Yulin 2018 wani ɓangare ƙarƙashin Buba Galadima ya ayyana kansa a matsayin sabuwar APC, sannan ranar 24 ga wata aka karanta wasiƙar ficewar sanatoci fiye da goma sha biyu a zaure, cikinsu akwai Kwankwaso, Dino Melaye, Barnabas Gemade, Suleiman Hunƙuyi da Isa Hamma Misau. Ranar 31 ga Yuli shi kansa shugaban majalisar ya bar APC. Mako guda bayan haka shugaban marasa rinjaye, Akpabio, ya ajiye muƙaminsa ya koma APC, kuma a watan Oktoba Shehu Sani na Kaduna ta Tsakiya ya koma PRP. A tsakiyar wannan ja-in-ja a kan wa ke da rinjaye ne jami'an DSS rufe da fuska suka tare ƙofar majalisar ranar 7 ga Agusta, abin da ya sa muƙaddashin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya sallami shugaban hukumar, Lawal Daura, a ranar.

Babu sanata ko ɗaya da ya rasa kujerarsa saboda sauya sheƙa a wannan majalisa. Dalilin yana cikin sashe na 68(2), wanda ya ɗora wa shugaban majalisa alhakin zartar da hukuncin bayan an gabatar wa zaure gamsasshiyar hujja. Shugaban majalisa ɗan siyasa ne da kujerarsa ke rataye a kan yawan magoya bayansa, don haka ba zai kori wanda ya shigo ɓangarensa ba, kuma idan ya kori wanda ya fita ya kafa misalin da zai dawo kansa. A 2018 ma mai dokar barci ne ya ɓige da gyangyaɗi. Wannan ba halin mutum ɗaya ba ne: a 2014, lokacin da sanatocin PDP 11 har da Saraki suka rubuta wasiƙar komawa APC, shugaban majalisa na lokacin, David Mark, ƙin karanta ta ya yi, ba a kuma taɓa kujerar kowa ba. Kotu ma ba ta cike wannan gurbi ba, domin a watan Mayun 2019 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta sallami ƙarar da ƙungiyar LEDAP ta shigar a kan 'yan majalisar da suka sauya sheƙa, bisa dalilin cewa ƙungiyar ba ta da hurumin kai ƙarar. Idan, kamar yadda shari'ar Amaechi ta ce, jam'iyya aka zaɓa, to mazaɓun da kujerunsu suka karkata sun wayi gari ne da wakilin jam'iyyar da suka ƙi a 2015.

5.4 Dakatarwa da ɗauri

A nan sunan sanata na nan a rajista, amma muryar mazaɓa ta ɓace. Ranar 29 ga Maris, 2017, majalisa ta dakatar da Ali Ndume na wata shida bayan ya nemi a binciki wasu zarge-zargen da jaridu suka buga a kan Saraki da Melaye. Mazaɓarsa, Borno ta Kudu, ita ce ta ƙunshi Gwoza da Cibok, yankunan da rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita, kuma a lokacin ne suka fi bukatar mai tsaya musu. Babbar Kotun Tarayya ta ce dakatarwar haramtacciya ce a watan Nuwamba.

Ranar 12 ga Afrilu, 2018, aka dakatar da Omo-Agege na kwana 90 na zaman majalisa saboda kalamansa a kan ƙudurin sauya jadawalin zaɓe. Ranar 18 ga wata ya shiga zaure, kuma a daidai lokacin wasu mutane suka kutsa suka sure sandar majalisa ana tsaka da zama. Washegari 'yan sanda suka ce sun tsince ta a ƙarƙashin wata gada kusa da ƙofar shiga birnin Abuja. Ya musanta hannu a lamarin, kuma kotu ta soke dakatarwar ranar 10 ga Mayu. Sashe na 68 ya lissafa dalilan rasa kujera ɗaya bayan ɗaya, kuma babu fushin abokan aiki a cikinsu.

Batun Dariye na Filato ta Tsakiya wani salo ne. An yanke masa ɗaurin shekara 14 a watan Yunin 2018 bisa laifin almundahana lokacin yana gwamna, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa 10 a watan Nuwamba. Sashe na 66(2) ya jingine tasirin irin wannan hukunci muddin ɗaukaka ƙara na gaban kotu, kuma Kotun Ƙoli ba ta yanke nata ba sai 2021. Saboda haka ya cika wa'adinsa yana sanata daga gidan yarin Kuje. Tanadin ya kare haƙƙin wanda ake tuhuma, kuma hakan daidai ne, amma bai ce komai ba game da haƙƙin mazaɓar da ta yi shekara guda ba wakili.

5.5 Kiranye

Sashe na 69 ya ba masu zaɓe damar janye sanatansu. Sharaɗin shi ne fiye da rabin masu rajista a mazaɓar su sa hannu a takardar koke, INEC ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. An gwada wannan sau ɗaya a majalisa ta takwas, a kan Dino Melaye na Kogi ta Yamma. An miƙa koken a watan Yunin 2017, shari'a ta jinkirta shi, sai ranar 28 ga Afrilu, 2018, aka yi tantancewa. Daga masu rajista 351,146, an gabatar da sa hannu 189,870, amma 18,742 kaɗai aka tabbatar, wato kashi 5.34 cikin ɗari na masu rajista.

Ana iya karanta wannan sakamako ta fuska biyu. Melaye ya zargi gwamnatin jiharsa da kitsa koken, kuma tazarar da ke tsakanin adadin da aka gabatar da wanda aka tabbatar ta sa dole a yi shakkar sahihancin sa hannun. Ta ɗaya fuskar, ko da koken na gaskiya ne, ma'aunin ya fi ƙarfin jama'a: a zaɓen shugaban ƙasa na 2015 kimanin kashi 44 cikin ɗari na masu rajista ne suka fito, ga shi kuma ana bukatar fiye da kashi 50 su fito su tsaya a layi domin tabbatar da sa hannu kawai. Sanata na iya hawa kujera da ƙuri'un da ba su kai rubu'in masu rajista ba, amma sauke shi sai da fiye da rabi. Ta kowace fuska aka duba, wanda ke da kuɗi da ƙarfin gwamnati ne kaɗai zai iya ko fara tayar da kiranye, kuma tun 1999 ba a taɓa janye sanata ta wannan hanya ba. Masu zaɓe sai da suka jira watan Fabrairun 2019 kafin su yi magana, inda Saraki, Akpabio, Akume, Shehu Sani da Binta Masi Garba duk suka rasa kujerunsu.

6.0 Wuraren da Gyara Ya Kamata Ya Shiga

Gyara mafi gaggawa yana sashe na 68(2). Ya kamata a ɗauke ikon ayyana kujera a matsayin wadda babu kowa a kanta daga hannun shugaban majalisa, a mayar da shi ga kotu cikin ƙayyadadden wa'adi, a kuma fayyace cewa duk mai rajista a mazaɓar yana da hurumin kai ƙara. Togaciyar rabuwar jam'iyya ma tana bukatar iyaka, ta yadda wanda ya fita saboda rabuwa ta gaskiya zai koma gaban masu zaɓe a ƙarƙashin sabuwar jam'iyyarsa. Dakatarwa kuwa a taƙaita ta zuwa 'yan kwanaki a cikin Kundin Tsarin Mulki kansa, tunda ƙa'idojin zaure a hannun masu rinjaye suke. Game da giɓin da kotu ko rasuwa ke haifarwa, lissafin kwanakin cike gurbi ya fara daga ranar hukunci ko ranar rasuwa, ba daga ranar da wasiƙar majalisa ta isa INEC ba. Kiranye shi ne ya fi wuyar gyara, domin idan aka sassauta shi da yawa zai zama makami a hannun gwamnoni. Ma'aunin da ya fi kusa da adalci shi ne a ɗaure yawan sa hannun da ake bukata da adadin waɗanda suka fito suka jefa ƙuri'a a zaɓen da ya kawo sanatan, a bar sharaɗin tantancewa da ƙuri'ar raba gardama yadda suke.